Wa ake cika wa tukunyar ko-ta-kwana?

Aikina a Dahab, can gaɓar Sina'i a Bahar Maliya, haɗa iska ne. Da yamma masu nutso su kawo tukwanensu na iskar shaƙa, kowa ya rubuta haɗin da yake so a jikin tef, ni kuma in auna oksijin da hiliyam (wata iska mara nauyi) in cika, mu gwada tare, ya sa hannu. Ni ma ina nutso da na'urar maida numfashi, amma yawancin abin da na sani game da zaɓen iskar ko-ta-kwana a wannan ɗakin na koye shi, daga abin da mutane ke nema da abin da suke jin ƙyashin biya.

Mai nutso na yau da kullum yana shaƙar iska daga tukunya ya fesar da ita, kumfa ta tashi sama. Ita na'urar maida numfashi ba ta zubar da komai. Numfashin da ka fitar yana ratsa gwangwani mai cike da ƙwayoyin soda-laim, su tsotse kabon dayoksaid, na'urar ta ƙara oksijin daidai wanda jiki ya ƙona, ka sake shaƙar abinka. Galibi ana saita ta ta riƙe matsin oksijin a bar 1.3 (bar shi ne ma'aunin matsi) in an kai ƙasa, kuma da 'yan tukwane masu lita uku-uku mutum sai ya yi sa'o'i a ruwa. To amma in ruwa ya shiga cikinta, ko ma'aunan oksijin ɗinta guda uku suka fara ba da labari daban-daban, ko soda-laim ta gaza, dole ka rufe bakin na'urar ka koma kan tukunyar da ka rataya a gefe, wato tukunyar ko-ta-kwana. Daga nan har ka fito, ita ce ranka.

Abin da na fi gani shi ne mutum ya zo da lissafi mai tsafta, wanda ya gina a kan numfashinsa na ranar lafiya. Zai ce maka lita 15 yake sha a minti, kuma gaskiya ya faɗa, haka yake sha in yana shawagi hankali kwance yana kallon kifi. Sai dai ba wannan mutumin ne zai buɗe tukunyar ba. Wanda zai buɗe ta mutum ne da kabon ya taru masa a jini, kansa na sarawa, ƙirjinsa na bugu, yana haki kamar wanda kare ya biyo. Malaminmu yakan sa mu lissafa mintunan farko a kan lita 45, kuma yakan ce ko wannan ɗin ragi aka yi mana, domin wanda kabon ya kama da gaske yana iya wuce haka, kuma hakin ba ya tsayawa don kawai an canja iska. Yana ɗaukar mintuna kafin ya lafa.

Ga yadda lissafin yake a mita 60. Matsin ruwa a nan ya ninka na sama sau bakwai, saboda haka lita 45 ta lissafin saman ruwa ta zama 315 a kowane minti. Tukunyar alminiyom da kowa ke ɗauka, mai lita 11.1 da ake cikawa zuwa bar 207, tana ɗauke da wajen lita 2,300. Ka ga ke nan minti bakwai da 'yan kai ta ƙare in ka tsaya a wurin. A ce ka ɓata minti biyu kafin ka dawo hayyacinka ka fara hawa: lita 630 ta tafi. Hawa daga mita 60 zuwa 21, inda za ka iya komawa kan iska mai oksijin kashi 50, zai ci kamar minti huɗu, wato wata lita 900. Abin da ya rage bai kai 800 ba, kuma ba a sa zangon da kwamfutar hannunka za ta iya tsayar da kai a ciki kafin mita 21 ba, wato tsayawar da ake yi a hanyar hawa don jiki ya fitar da iskar da ta shige shi a ƙasa. Kuma zangunan kan ƙara tsawo, domin na'urar ce ke riƙe maka oksijin a 1.3 duk inda kake, tukunya kuwa kana hawa matsin oksijin ɗinta na raguwa, jiki na jinkirin fitar da abin da ya sha. Idan na zana wa mutum wannan a bayan takardar rasit, yawanci shiru yake yi na ɗan lokaci, sannan ya tambayi kuɗin tukunya ta biyu.

Inda rigima take shi ne hiliyam. Yana da tsada, kuma tukunyar ko-ta-kwana tana iya yin wata da watanni ba a taɓa ta ba, sai mutum ya ga kamar kuɗi ne ya jibge a banza. Wani ya taɓa ce mini in cika masa iska zalla don nutson mita 55, wai ai matsin oksijin bai wuce 1.4 ba. A wannan ɓangaren bai yi kuskure ba. Abin da ya manta shi ne nauyin iskar. Wasu masana harkar nutso, Gavin Anthony da Simon Mitchell, sun fitar da bincike a 2016 wanda ya nuna cewa da zarar kaurin iska ya wuce giram 6 a lita, taruwar kabon a jikin mai nutso tana yin tsalle. Suka ba da shawarar a tsaya a 5.2, kada a wuce 6.2 ko ta halin ƙaƙa. Iska zalla tana ƙetare 6.2 tun kafin mita 40, a mita 60 kuwa ta kai 9. Wato mutumin da ya gudo daga na'ura saboda kabon, ka miƙa masa iskar da huhunsa ba zai iya turawa da sauri ba, ga kuma mayen naitirojin ya sauko masa lokaci guda. Mitchell ɗin nan yana cikin waɗanda suka yi nazarin mutuwar Dave Shaw, wanda ya rasu a Janairun 2005 a kogon Boesmansgat na Afirka ta Kudu, a zurfin mita 270, yana ƙoƙarin ɗauko gawar Deon Dreyer. Kyamarar da ke kansa ta naɗi numfashinsa yana ƙaruwa har ya tsaya. Aiki mai wuya da iska mai kauri ne suka tara masa kabon. Ban cika wa mutumin nan iska zalla ba. Ya ji haushi, ya kwashi tukwanensa ya tafi wani shago.

A mita 60 ni na fi son haɗin 18/45, oksijin kashi 18 da hiliyam kashi 45. Kaurinsa kamar 5.6 ne, ya ɗan haura abin da ake so, kuma 15/55 ya fi shi sauƙin shaƙa a ƙasa. Dalilina a sama yake. Mutane da yawa yanzu suna amfani da bakin na'ura mai makunni, wanda kana murɗa shi ka koma kan tukunya ba tare da ka cire komai daga bakinka ba. Abu ne mai kyau ƙwarai, domin wanda kabon ya shaƙe sau da yawa ba ya iya daurewa ya cire abin baki ko na daƙiƙa biyu, ko da regileta, wato abin shaƙar iska daga tukunya, na hannunsa. Amma duk iskar da ka jona wa wannan makunni, ita za ka shaƙa ko'ina matsala ta same ka, har da saman ruwa kana jiran kwalekwale. Kashi 18 yana riƙe mutum a sama. Haɗi irin 10/70 da ake kaiwa mita 100 kuwa sumar da mutum yake yi a ruwa mara zurfi, ba tare da wani gargaɗi ba.

Iskar zanguna ba ta da wani dogon zance: kashi 50 daga mita 21, oksijin zalla daga mita 6, in zangon ya yi tsawon da ya cancanci ɗaukar tukunya ta uku. Abin lura kawai shi ne kada a yi tsalle daga haɗi mai hiliyam da yawa zuwa mai naitirojin da yawa tun ana can ƙasa, don ana danganta hakan da ciwon cikin kunne mai sa jiri da amai.

Sai batun raba ko-ta-kwana tsakanin abokan nutso, inda mutum uku za su ɗauki abin da zai fitar da mutum ɗaya da rabi ko biyu, a kan cewa da wuya na'urori uku su lalace tare. A nutso mai zurfin gaske ko cikin dogon kogo, wani lokaci babu yadda za a yi, mutum ɗaya ba zai iya jan duk tukwanen ba. Amma a nan Blue Hole, wurin nutso mai zurfi kusa da Dahab, inda bakin ramin da ake kira Arch yake a wajen mita 55 kuma sai ka ratsa kimanin mita 26 a ƙarƙashin dutse kafin ka fita sararin teku, ban yarda da shi ga iskar ƙasa ba. A cikin ramin ba ka da damar hawa kai tsaye, sai ka fita tukuna, kuma abokin da kake dogaro da tukunyarsa yana iya kasancewa mita goma a gabanka ya ba ka baya. Iskar zango a raba, na yarda. Wadda za ta kai ka mita 21 kuwa ta kasance a jikinka.

Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa malaminmu yakan sa mu fito gaba ɗaya a kan tukwane lokaci-lokaci, da gangan, mu ga abin da ma'auni zai nuna a ƙarshe. A nan ake gane regiletar da ta daɗe a rataye har yashi ya shige ta, da tiyon da ya maƙale a ƙarƙashin roba, da wanda ya manta bai sauya kwamfutarsa daga lissafin na'ura zuwa na tukunya ba. Washegari sai su dawo mini da tukwane babu komai a ciki, su biya kuɗin hiliyam suna ƙunƙuni, wasu kuma su ce in ƙara musu da haya ta tukunya guda.