Laraba: ni da ƙanwata da lokutan aikatau

Tun bayan la'asar muke kan tabarma da ƙanwata muna fama da tambayoyin gyaran jimlar Turanci a wani tsohon littafin GMAT, jarrabawar neman shiga makarantun kasuwanci. Digiri na biyu take nema a fannin kasuwanci a ƙasar waje. A ajin da take zuwa an koya musu wai muddin jimla ta fara da shuɗaɗɗen lokaci, dole kowane aikatau ya bi sahu. Raina ya ɓaci da wannan koyarwa, don da ita yarinyar nan take ta soke amsoshin da suke daidai.

Jimlar da ta fi cin mana lokaci cewa take injiniyoyi sun isa gari, amma ruwa ya riga ya ci gadar. Na jawo takardar kuɗin wuta na ja layi a bayanta, na ɗiga alama biyu.

"Wanne ya riga faruwa?"

"Cin gadar, Yaya."

"To shi zai ɗauki 'had', isowarsu ta tsaya yadda take."

Ta sa bakin biro a kan alamar farko, ta jima tana kallo. A Hausa ai "riga" ke ɗaukar wannan nauyi. Muna cewa jiya yana karatu, yanzu yana karatu, aikatau bai motsa ba. Turanci kuwa a jikin aikatau yake rubuta wanda ya gabaci wani. Sai muka gwada da Galileo: ya mutu tun 1642, amma idan an ce ya nuna duniya tana zagaya rana, zagayen yana iya zama a lokaci mai ci, don har gobe tana yi.

Can ta ce, "Yaya, ai an cire waɗannan tambayoyin." Gaskiyarta. GMAC, hukumar da ke shirya jarrabawar, ta fito da sabon tsari a Nuwamban 2023, tsohon ya tsaya a ƙarshen Janairun 2024. Ɓangaren harshe yanzu tambaya 23 ne cikin minti 45, fahimtar karatu da auna hujja kawai. Amma ban yarda ta rufe littafin ba. Mai auna hujja dole ya gane abin da ya gabata da abin da ya biyo, ga rubutun IELTS, jarrabawar gwajin Turanci, yana jiranta, ga wasiƙar bayanin kanta da makarantar za ta karanta.

Na ce ta kawo wasiƙar. A sakin layi na biyu, aikin da ta bari tun bayan bautar ƙasa ta rubuta shi kamar har yau tana yi. Muka gyara wannan kafin magariba, sauran sai gobe idan ta dawo daga aji.