Inda na kai a gashin kacapuri

'Yan'uwa, a gashin kacapuri, wato burodin ƙasar Jojiya mai cuku, har yanzu ina kan mai zagaye, wanda ake kira imeruli, kuma ba ni da niyyar barinsa da wuri. Na san yawancinmu hoton mai siffar kwalekwale ne ya jawo mu, gwaiduwar ƙwai zaune a tsakiyar cuku, bota na narkewa a gefe. Wancan ajaruli ne, na yankin Ajara, inda birnin Batumi yake a gaɓar Bahar Aswad. Ya fi ɗaukar ido, amma bakinsa a buɗe yake, ko cukun ya tsattsafo da ruwa zafin wuta zai busar. Imeruli na yankin Imereti ne, wajen Kutaisi, kuma shi aka fi ci a gidajen Jojiya, ina nufin ƙasar da ke maƙwabtaka da Rasha da Turkiyya, ba jihar nan ta Amurka ba. Cukunsa a ciki yake, a rufe ruf. In kwaɓi bai yi ba, ko haɗin ciki ya yi ruwa, nan take asiri ke tonuwa. Wanda hannunsa ya faɗa a kansa, sauran ba za su ba shi wuya ba.

Cuku ne ya fi cin lokacina. A can iri biyu suka fi sawa a kacapuri. Akwai ɗanyen cukun Imereti, na nonon saniya, mai ɗan tsami da gishiri, yana marmashewa a hannu. A ruwan gishiri ake ajiye shi, in ya yi yawa a jiƙa shi a ruwa kafin aiki. Akwai kuma sulguni na yankin Samegrelo, mai yauƙi, wanda ke jawuwa zare-zare in ya ji zafi. Mu nan babu ko ɗaya, don haka sai haɗa-haɗa. Mozarela, cukun Italiya, ita kaɗai tana jawuwa amma lami ce, in ta huce kuma sai ta koma kamar roba. Feta, cukun Girka, ita kaɗai gishiri ne zalla, ba ta narkewa yadda ake so. Kashi biyu na mozarela da kashi ɗaya na feta shi ne ya fi kwanta min.

Na kuma gwada cukun Fulani, wanda ake daskarar da nono da ruwan tumfafiya. Ba ya narkewa, shi ya sa ake iya soya shi ya fito da siffarsa, to kada kowa ya sa ran zare daga gare shi. Amma a gurbin feta ya yi min aiki: na matse shi a tsumma mai tsabta har ruwan ya tsane, na marmashe, na zuba gishiri da cokali biyu na kindirmo mai tsami, na bar shi ya kwana a firji. Da aka haɗa da mozarela ya ba da jiki da ɗan tsamin da ake nema, kuɗin ma ya ragu sosai. Busasshen cukun Nijar kuwa ku bar shi wa shayi, nan ba gurbinsa ba ne.

Ƙwai ɗaya nake fasawa a haɗin don ya kama jikinsa. Gwajin da nake yi shi ne in dunƙula haɗin a tafin hannu. In ya tsaya curi guda, ya yi. In ya bar danshi a hannu, sai cokali ɗaya na fulawa.

Kwaɓin bai da wani dogon labari. Akwai mai yis, akwai kuma wanda ake yi da matsoni, wato tsamammen nononsu, da 'yar sodar girki. Na biyun na fi so, don kindirmo na shiga gurbin matsoni lafiya lau kuma ba a jiran tashi. Fulawa giram 300, kindirmo kamar kofi ɗaya, rabin ƙaramin cokali na soda, ɗan gishiri, cokali ɗaya na mai. Ya zama mai laushi, yana ɗan kama hannu. A rufe shi ya huta rabin awa. In an cika masa fulawa don gudun danƙo, zai fito da tauri.

Abin da ya canza min gashin gaba ɗaya shi ne nauyi. Cukun ya kai nauyin kwaɓin, ko ya ɗan fi. In an raba, curin cuku da curin kwaɓi su zama kusan kai ɗaya. Da farko ido zai ce ba zai rufu ba, amma yana rufuwa. A faɗaɗa kwaɓin kamar faɗin ƙaramin faranti, tsakiya ta fi gefe kauri, a ɗora curin cukun, a riƙa tattaro baki ana naɗewa kamar ana ƙulle gyaɗa a leda, a matse wuyan sosai, a cire kunnen da ya yi saura. Sai a kifa shi, ƙullin ya koma ƙasa, a bar shi minti biyar. Daga nan tafin hannu kawai, ana dannawa daga tsakiya zuwa gefe, ana juyawa, har ya kai faɗin babban faranti, kaurinsa bai wuce na ɗan yatsa ba. Abin murza fulawa na ajiye shi gefe, domin yana koro cukun wuri guda ya fasa fatar. In an ɗaga ana iya hango dabbare-dabbaren cuku ta cikin kwaɓin, alama ce ya bazu daidai.

Wanda ba shi da obin kada ya damu. A yammacin Jojiya akwai kaskon ƙasa da suke kira ketsi, a ciki ake gasa shi tun da. Busasshen kasko mai kauri nake sawa, babu mai, wuta tsaka-tsaki, in rufe minti biyar ko shida, in juya ɗaya gefen a buɗe. Zai kumbura ya yi tozo. A huda shi kaɗan da tsinin wuƙa tururin ya fita. A obin kuwa zafi sosai yake so, digiri 230 zuwa 250 a ma'aunin Celsius, da ƙaramin rami a tsakiya tun kafin ya shiga, minti goma zuwa sha biyu. Da saukewa a shafe shi da bota ko man shanu, a ɗan jinkirta kafin yanka, in ba haka ba cukun zai malale a faranti.

Tsadar cuku ba mu kaɗai take damu ba. Wata makarantar nazarin tattalin arziki ta Jami'ar Tibilisi, babban birnin Jojiya, tana lissafa kuɗin gasa imeruli ɗaya duk wata, fulawa da cuku da yis da madara da ƙwai da bota har da gas da lantarki, don auna tsadar rayuwa. A 2019 kuma ƙasar ta sanya al'adar yinsa cikin kayan gadonta da ake karewa.

Abin da bai gamsar da ni ba har yanzu shi ne gefe. A kasko yakan fito da ɗan kauri, babu cuku a ciki, yara su ci tsakiya su bar shi. Ina rage kaurin bakin kafin naɗewa, ya ɗan gyaru, amma da saura. Sai ya daidaita zan matsa zuwa megruli, wanda shi ma imeruli ne da aka ƙara wa cuku a sama, sai dai dole obin. Wanda ya samu gefensa ya cika da cuku a kasko, ya faɗa mana yadda yake danna shi.