Daga Nihonbashi zuwa Mariko, a sawun Hiroshige

Daga gadar Nihonbashi da ke tsakiyar Tokyo na fara, domin daga nan tsohuwar hanyar Tokaido ke tashi ta nufi Kyoto, da zango 53 a tsakani. Utagawa Hiroshige, wani mai zane ɗan Japan, ya zana kowane zango, aka buga jerin a 1833 zuwa 1834. A zanensa na gadar, ayarin wani basarake na ƙetarowa da sassafe, amma masu tallan kifi ya sa a gaba, kwanduna rataye a sanda bisa kafaɗa. Tun 1963 babbar hanyar mota ta rufe saman gadar, don haka ban daɗe ba na kama jirgin ƙasa zuwa jihar Shizuoka.

A garin Yui akwai gidan adana ayyukansa, kuma a can na ga yadda ake bugun. Mai zane ya zana, masassaƙi ya manna takardar a allon katako ya sassaƙe ko'ina, ya bar layukan kawai a tsaye. Kowane launi da allonsa. Mai bugawa kuma ya shafa launi, ya daidaita takarda da 'yar tsagar da ke gefen allon, ya murza bayanta da baren, wani ɗan faifai da aka naɗe da ɓawon gora. Da suka ba ni na gwada, na ji a tafin hannuna cewa ƙarfin murzawa ne ke sa shuɗi ya yi duhu ko ya dushe. Da araha ake sayar da irin waɗannan zanuka a zamanin Hiroshige, har talaka yana iya saye.

Na hau tudun Satta da ƙafa, ina haki. Dutsen Fuji na nan can gaban tekun Suruga yadda Hiroshige ya zana shi, sai dai a ƙasa yanzu titunan mota da layin dogo ne suka bi gaɓar.

Zangon Mariko ne ya fi kama min zuciya. A zanen, matafiya biyu na zaune a wata rumfa mai jinka, ɗaya ya kai kwano baki, mata da goyo a baya tana kawo musu abinci. Gidan abincin Chojiya, wanda ke ƙirga shekarunsa daga 1596, har yau yana sayar da abin da suke ci: tororo, doyar daji da aka gurza ta yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, ana zuba ta a kan shinkafa da sha'ir. Na zauna na ci, ina duban kwafin zanen. Ba fada, ba jarumi, sai mai aikin da yaro ke barci a bayanta. Wannan ne ya sa nake girmama Hiroshige: wuraren sun riga sun yi suna, shi kuwa ya ba 'yan dako, masu talla da masu dafa abinci tsakiyar takarda.

Da yamma na hau bas na koma tashar Shizuoka.