Neman fitilar tantin kamun kifi a kan ƙanƙara

Asabar, Janairu, Minesota

Gobe in Allah ya kai mu zan bi abokin aikina, wani dattijon Bature, kamun kifi a tafkin Mille Lacs da ke nan jihar Minesota ta Amurka. Tafkin ya daskare, har da motoci ake hawa kansa. Mutum ya huda ƙanƙara, ya kafa tanti a kan ramin, ya zauna jiran kifi. Shi zai zo da tantin da abin huda ƙanƙara da hita mai gas, ni kuma ya ɗora mini fitila. Yinin yau kusan duk a kanta ya ƙare.

Fitilar dole ce, domin a wannan watan wajen ƙarfe 5 na yamma rana ta faɗi, kuma kifin da kowa ke nema a nan, walleye, a daidai lokacin yake fitowa farauta. Idonsa na gani sosai a duhu-duhu. Wato lokacin da kifi zai fara ci, lokacin ne ba ka ganin ƙugiyarka.

Bayan azahar na shiga kantin kayan su. Fitilar gas na fara cirewa daga lissafi. Tana da haske, tana ma ɗumama wuri, amma tanti rufaffe ne, ga hita tana ci a ciki. Iskar guba da konewar gas ke fitarwa ba ta da wari, sai dai mutum ya ji barci yana ɗaukarsa. Wuta ɗaya a tanti ta isa, ita ma sai an bar taga a buɗe kaɗan.

Saura masu batir, kuma a nan na daɗe. Mu da muka taso da fitilar caji mun san halin batir, sai dai a gida zafi ne ke cinye shi a hankali, a nan kuwa sanyi ne ke sumar da shi nan take. Batir na yau da kullum da ake sa wa rediyo ƙarfinsa yakan faɗi warwas da zarar ya yi sanyi sosai, alhali cajin na nan a ciki, ka ɗumama shi a aljihu ya farfaɗo. Na lithium mai girman AA kuwa yana aiki har digiri 40 ƙasa da sifili. Yana da tsada, amma na saya.

Mai shagon, wani saurayi mai kirki, ya nuna mini zaren fitilun LED da ake laƙawa a sandunan rufin tanti, a jona da batir mai volt 12. Muka yi lissafi tare: ƙaramin batir mai 7Ah, wato yawan cajin da yake ɗauka, da zare mai jan watt 5, a takarda zai kai wajen awa 16, sanyi kuma ya ci rabonsa. Akwai mai gubar dalma, mai arha da nauyi, akwai na lithium wanda bai kai shi nauyi ba ko kusa. Ya ja mini kunne cewa shi na lithium ɗin ba a cajinsa idan sanyi ya kai na daskarar ruwa, sai an kawo shi ɗaki ya sha ɗumi, in ba haka ba ya lalace. Tunda da ƙafa za mu ja kayan a kan ƙanƙara, marar nauyin na ɗauka.

Abin da na ƙi shi ne rige-rigen haske. Kowane kwali yana alfahari da yawan lumen ɗinsa, wato ma'aunin ƙarfin haske, kamar filin ƙwallo za a haskaka. Tantin mutum biyu ne, ƙasansa fara fat, tana mayar da haske cikin ido. Na zaɓi mai ruwan ɗorawa-ɗorawa da ake iya rage wa ƙarfi, na haɗa da fitilar goshi mai haske ja don ɗaura ƙugiya da fita waje ba tare da ido ya rufe ba. Akwai ma maganar doka: a Minesota an hana amfani da fitila wajen janyo kifi, in ban da ɗan abincin ƙarya mai haske da ke jikin ƙugiya. Saboda haka tamu rufi za ta kalla, ba rami ba.

Da magariba na kira Inna. Na ce, "Inna, gobe a kan ruwa za mu yini." Ta ce a jirgi? Na ce a'a, a ƙafa. Ta yi salati, ta ce, "Kai ɗan nan, kifin kasuwa ya ƙare ne a garinku?" Na yi mata bayanin cewa hukuma ta ce inci 4 na sabuwar ƙanƙara garau yana ɗaukar mai tafiya da ƙafa, kuma inda ake hawa da mota ya wuce haka nesa. Ba ta gamsu ba, ta dai ce Allah ya tsare, in kira ta da mun sauko.

Batir yana caji a falo. Na spiya za su kwana a aljihun cikin rigar sanyi, kusa da jiki. Dattijon zai zo ɗaukata ƙarfe 9 na safe.