Irin da aka cinye a tekun Fasifik

Takardar farko da na rubuta a kwas ɗin tarihi na ƙarshen mako dawo mini da ita aka yi. Tambayar da aka ba mu ita ce: yaya aka yi sojojin ruwan Japan, da suka shiga Yaƙin Duniya na Biyu da matuƙan jiragen sama gwanaye na gaban kwatance, suka wayi gari a 1944 ba su da mai tare wa Amurka hanya a sama? Ni da yake bakanike ne, tun ina saurayi janareta nake gyarawa, sai na cika shafi shida da zancen ƙarfe: masana'antu, man fetur, ƙarfin inji. Malaminmu ya karanta, ya miƙo mini, ya ce, "Malam, na ga jiragen. Ina mutanen da ke cikinsu?"

Wata biyu na yi ina neman mutanen nan, kuma abin da na tarar ya bi ni har gareji.

Sai mutum ya fahimci irin aikin kafin ya gane tsadar mai yinsa. Matuƙin sojan ruwa ba a filin jirgi yake sauka ba. A kan bayan jirgin ruwa yake sauka, jirgin yana tafiya, igiyar ruwa tana ɗaga shi tana sauke shi. A wutsiyar jirginsa akwai ƙugiya, a kan dandamalin kuma an shimfiɗa igiyoyin ƙarfe a gicciye, dole ƙugiyar ta cafki ɗaya. A jiragen Amurka akwai wani jami'i da ke tsayawa a gefen baya na hagu, riƙe da faifai biyu, ɗaya a kowane hannu, yana nuna wa mai saukowa: ka yi sama da yawa, ka yi ƙasa, rage gudu. Alamu biyu daga cikinsu umarni ne da ba a musu: yanke wutar inji ka sauka, ko fasa ka sake zagayowa. Ko kai ne kwamandan rundunar, idan mai faifai ya kore ka, ka koru. Shi ma matuƙi ne, ya san abin da kake ji a kujerar, amma yana ganin abin da ba ka gani.

Japan ta tanadi matuƙanta ta hanyar tacewa mai tsanani. Saburo Sakai, ɗaya daga cikin fitattun matuƙansu, ya ba da labarin cewa a 1937 mutum 1,500 suka nema, aka ɗauki 70, kuma 25 kaɗai suka kammala a ajinsu. Ana korar ɗalibi a kan kuskure ƙanƙani. Waɗanda suka fito kuwa ba sa wasa, su ne suka kai harin Pearl Harbor a Disambar 1941, suka yi wata shida suna cin karensu ba babbaka. Matsalar ita ce tsarin an gina shi ne don ɗan gajeren yaƙi. Gwani yana fagen daga, a nan zai zauna har sai ya mutu ko ya nakasa. Shi kansa Sakai sai da aka harbe shi a sararin Guadalcanal a Agustan 1942, ya tuƙa jirginsa cikin jini ya koma sansaninsu na Rabaul, ya rasa ganin idonsa na dama, sannan aka tura shi koyarwa.

A takardata ta farko na rubuta cewa a yaƙin tsibirin Midway aka karya su, a Yunin 1942, inda suka rasa manyan jiragen dako huɗu, wato jiragen ruwa masu ɗaukar jiragen sama: Akagi, Kaga, Soryu da Hiryu. Da na zurfafa sai na ga matuƙa da abokan aikinsu na cikin jirgi da suka mutu a can kimanin 110 ne. Abin da ya fi taɓa ni shi ne makanikan jirage fiye da 700 da suka tafi tare da jiragen, mutane irina, masu baƙin mai a farce, waɗanda ba a cika ambatonsu ba. Matuƙan kuwa a tsibiran Solomon aka ƙarar da su, yau biyar gobe goma, daga ƙarshen 1942 har cikin 1943. Duk wanda ya faɗa teku, da abin da ya sani ya faɗa.

Kada a ɗauka Amurkawa da gwaninta suka fara. A Midway ɗin nan, wata runduna ta jirage 15 masu jefa bam ɗin ƙarƙashin ruwa ta tashi daga jirgin Hornet ƙarƙashin John Waldron, babu jiragen kariya tare da ita. Duka aka kakkaɓo su. Cikin mutum 30, George Gay kaɗai ya rayu. Jirgin faɗa na Amurkawa, Wildcat, bai kai Zero na Japan saurin hawa ko iya juyi ba. Wani jami'i mai suna John Thach ya san haka tun kafin a fara yaƙin, sai ya riƙa zama da dare a teburin kicin ɗinsa yana jera tsinken ashana, kowane tsinke jirgi, yana neman dabara. Abin da ya fito da shi mai sauƙi ne: jirage biyu su tafi kafaɗa da kafaɗa da ɗan tazara, idan abokin gaba ya biyo bayan ɗaya, sai su biyun su juyo suna fuskantar juna, mai bin ya tsinci kansa a bakin bindigar na biyun. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya gwada ta a Midway ta yi aiki.

To a nan ne hanyoyin ƙasashen biyu suka rabu. Bayan Midway, a lokacin da ake matuƙar buƙatar irin Thach a fagen daga, sai aka ɗauke shi aka mayar da shi Jacksonville a jihar Florida ya koyar da yara, har da shirya finafinan horo. David McCampbell, wanda ya ƙare yaƙin da kakkaɓo jirage 34, fiye da kowa a sojojin ruwan Amurka, shi ma mai faifai ne a jirgin Wasp, bayan an nutsar da jirgin ya dawo gida yana koyar da aikin, sai daga baya aka ba shi runduna. Na tabbata akwai kwamandojin da suka ji haushin a ɗauke musu mutum irin wannan ana tsakiyar wuta. An dai ɗauke.

Labarin da na fi so shi ne na tafkin Michigan. Jiragen dako na gaske duk suna wurin yaƙi, bakin teku kuma jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus da Japan suna shawagi. Sai aka sayi tsofaffin jiragen yawon shaƙatawa guda biyu, masu amfani da kwal, masu tafiya da manyan ƙafafun juyi a gefe, aka sare benayensu aka shimfiɗa dandamali a sama. Aka sa musu suna Wolverine da Sable. Ba su da wurin ajiye jirage a ciki, ba su da gudu, ranar da babu iska ma aikin gagara yake yi. Daga gaɓar Chicago suke fita, ɗalibai kuma su taso daga sansanin Glenview, kowa ya yi sauka takwas da tashi takwas kafin a ce ya isa. A lokacin sanyi ma da murfin kujera a buɗe ake sauka, don in an faɗa ruwa a samu fita. Jirage fiye da 100 sun nutse a tafkin, amma matuƙa fiye da 17,000 suka fito daga kan waɗannan tsofaffin kwale-kwalen. Cikinsu akwai George Bush babba, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya samu muƙamin jami'in sojan ruwa a Yunin 1943 bai cika shekara 19 ba. Ranar 2 ga Satumbar 1944 aka harbo jirginsa a Chichijima, abokan tafiyarsa biyu suka mutu, shi kuma jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Finback ya tsamo shi. Ba sa'a ce kawai ba, da gangan ake girke irin waɗannan jirage kusa da inda za a kai hari don tsamo matuƙa, kuma sun tsamo kimanin 500.

Sakamakon ya bayyana ranar 19 ga Yunin 1944 a tekun Filifin. Rundunar Japan ta Admiral Ozawa ta shafe makonni a Tawi-Tawi, babu filin jirgi a wurin, jiragen ƙarƙashin ruwa na Amurka kuma sun hana ta fita atisaye, sababbin matuƙanta suna zaune. A ranar Japan ta rasa jirage fiye da 300, Amurka kimanin 30. McCampbell shi kaɗai ya kakkaɓo bakwai. Wata huɗu bayan haka aka fara tura samari su faɗa kan jiragen Amurka da jirginsu da ransu, domin wanda ba a koya wa sauka ba ana iya koya masa tashi. Duk lokacin da na zo nan a karatu sai na ajiye littafin. 'Ya'yan mutane ne, sa'annin yaran da ke wanke mini sifana.

Ba na gaggawar zagin shugabannin Japan. Amurka tana da yawan jama'a da mai da kuɗin da za ta iya janye gwani daga fage. Su kuwa kullum gobara ce a gabansu, kuma mai gobara ba ya tunanin baɗi. Manomin da yunwa ta ci ƙarfinsa ya san bai kamata ya taɓa iri ba, yana sane yake dafawa. Na gane halin ne saboda nawa ne. Ina da babban bakanike da muka yi shekara 11 tare, kunnensa kaɗai ya isa ya gaya maka ciwon inji. Duk aikin da ya yi tsauri shi nake turawa, asibiti ne ko gidan ƙanƙara ko injin niƙa, daga safe har dare. Yara shida kuma suna gareji suna wanke ƙarafa da kalanzir, wani ya shekara biyu bai taɓa buɗe famfon mai da hannunsa ba. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin zalunci ba, ina ganin neman abinci ne. Amma iyayensu sana'a suka kawo su koya, kuma da mutumin nan zai kwanta ciwo wata guda, da garejin ya tsaya.

Na sake rubuta takardar, ta wuce. A gareji kuma na sayi wani mataccen janareta mai shan gas, na kafa shi a ƙarƙashin rumfa. Talata da Alhamis babban bakanikena ba ya fita ko wa ya kira. Da na gaya masa sai ya ce, "Maigida, aiki fa zai wuce mu." Ya kuwa wuce, wani mai otal ya kira sau biyu ranar Alhamis, ya gaji ya koma wani wuri, har yau bai dawo ba. Dokar ita ce kowane yaro sai ya kwance famfo da nozul ya mayar, ya fitar da iska daga layin mai, inji ya tashi, sau takwas, kafin ya bi mu aikin waje. Wanda ke tsaye yana kallo kuma idan ya ce "tsaya", kowa ya cire hannu, har ni.

Alhamis ɗin da ta wuce ƙaramin cikinsu yana kan na shida. Ya ɗaure komai, ya miƙa hannu zai tayar, sai babban ya ce, "Tsaya. Duba wancan bututun." Yaron ya duba, ya ga goron bai zauna daidai ba. Ya ɗauki sifana ya fara kwancewa daga farko.