Abin da ganyen rama da tumatir suka koya mini a bayan gida

A daminar bara na gyara wani ɗan fili a bayan gidanmu da ke Ƙofar Ƙaura a Katsina, na shuka rama da yakuwa da kuɓewa, da niyyar ba zan zuba takin zamani ko maganin feshi na kanti ba. Da ramar ta kai gwiwa, wani maƙwabcina ya tambaye ni cikin damuwa ko na san abin da na shuka, domin ganyenta mai yatsu yana kama da na tabar wiwi. Tambayar tana da dalili, tunda sunan da masana suka ba rama, wato Hibiscus cannabinus, daga wannan kamannin ya samo asali, kuma noman wiwi laifi ne a Najeriya wanda hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ke kama mutane a kansa. Na tsinko masa ganye ya ɗanɗana tsaminsa, hankalinsa ya kwanta.

Matsalar gaskiya ta zo ne a tsakiyar Agusta, lokacin da ruwa ke sauka kusan kullum. Ganyen ƙasa na ramar da na kuɓewar suka fara zama ruwan ɗorawa suna zubewa. Na ɗauka yunwa ce kawai, na samo buhun ɗanyen kashin kaji na zuba a gindin kowace shuka. Bayan 'yan kwanaki bakin ganyen ya ƙone kamar an kara masa wuta, wasu ƙananan kuɓewa kuma suka mutu gaba ɗaya. Abin ya dame ni ƙwarai, domin da hannuna na yi ɓarnar.

Wani dattijo da ya daɗe yana noman lambu a gefen madatsar ruwa ta Ajiwa, aminin mahaifina ne, shi na roƙa ya zo ya duba. Bai ce komai ba sai da ya tsuguna ya tura yatsa cikin ƙasa, ya juya ganye ya duba bayansa, sannan ya tumɓuke kuɓewa ɗaya ya kalli saiwarta. Na ce, "Baba, wane magani zan saya?" Ya ce, "Ɗana, ba ka tambayi shukar abin da ke damunta ba, ka riga ka ɗura mata magani. Ka fara duba daga ina ciwon ya faro, daga ƙasa ne ko daga sama."

Wannan tambaya tasa ita ce ginshiƙin duk abin da na fahimta daga baya. Akwai sinadaran da shuka ke iya janyewa daga tsohon ganye ta kai wa sabo idan ta rasa su a ƙasa, kuma babbansu shi ne naitirojin. Saboda haka idan tsofaffin ganyen ƙasa ne suka koɗe gaba ɗaya alhali toho yana kore, mafi yawan lokaci ƙarancin naitirojin ne, kuma a ƙasarmu ta jigawa ruwan Agusta yana wanke shi zuwa inda saiwa ba ta kaiwa. A nan zatona bai yi nisa da gaskiya ba. Kuskuren yana cikin maganin. Ɗanyen kashin kaji yana da zafi da gishiri, yana ƙona saiwa, don haka sai an tara shi da ganye da kara an bar shi ya ruɓe na wasu watanni kafin ya zama abinci. Idan kuwa gefen tsohon ganye ne ya bushe ya yi launin ƙasa alhali ba a zuba wani abu mai zafi ba, ana zargin ƙarancin fotash, wanda toka kaɗan ke taimakawa a kai.

Ita tokar ma tana da nata haɗarin, kuma na ga mata da yawa a unguwarmu suna juye ta murhu guda a gindin shuka. Toka tana rage tsamin ƙasa, kuma idan ta yi yawa shuka ba ta iya ɗaukar sinadarin ƙarfe ko da yana nan. Alamar wannan ƙarancin ƙarfe tana bayyana ne a sama: sabon ganye ya yi fari-fari, jijiyoyinsa kuma su tsaya kore. Tumatir ya fi son ƙasa mai ɗan tsami, wajen 6 zuwa 6.8 a ma'aunin tsamin ƙasa, don haka wanda ya ga wannan alama ya ƙara toka ya ƙara wa ciwon ƙarfi ne.

Saiwar da Baba ya tumɓuke ta nuna wani abu dabam. Tana da ƙulle-ƙulle kamar ƙananan ƙuraje, aikin wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani, waɗanda ke son ƙasa mai yashi kuma suna kama kuɓewa da rama da tumatir duka. Shuka mai irin wannan saiwa tana yin yaushi da rana ko da ƙasa a jiƙe take, sai mai lambu ya ƙara ruwa, saiwar ta rasa iska ta ruɓe. Shawarar Baba ita ce in bar wannan kusurwa ga masara ko dawa a shekara mai zuwa, in kuma yawaita ruɓaɓɓen taki.

Da hunturu ya shigo na dasa tumatir, a nan ne na koyi duba bayan ganye kowace safiya. Darɓa, wato ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ruwan shuka, tana taruwa a toho tana barin danƙo mai jawo tururuwa, kuma ruwan 'ya'yan bedi da aka daka aka jiƙa kwana ɗaya, aka tace aka sa ɗan sabulu, yana rage ta idan an fesa da yamma, ba da tsakar rana ba. Farin ƙuda ya fi ta haɗari, domin shi ke yaɗa cutar da ke sa ganyen tumatir ya nannaɗe sama, ya ƙanƙance, ya yi rawaya a gefe. Wannan ba ta da magani, kuma na tumɓuke shuka 4 cikin 30 na binne su nesa, duk da cewa raina bai so ba. Sai kuma tsutsar Tuta absoluta da ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa a 2016, wadda ke shiga tsakanin fatar ganye ta bar tabo mai haske kamar takarda. Tunda tana ɓoye a ciki, feshi ba ya samunta sosai, don haka a ƙaramin lambu tsinke ganyen da ta shiga da hannu tun da wuri ya fi amfani.

A ganina, abin da ya fi cutar da sabon mai lambu shi ne canza abubuwa uku a rana ɗaya, ta yadda ba zai san wanne ya yi aiki ba. Yanzu gyara ɗaya nake yi, in jira mako guda, kuma sabon toho nake kallo, domin ganyen da ya riga ya ƙone ba ya komawa kore. Takin bana yana nan a rami tun watan Maris, kashin awaki da na kaji da ganyen bedi, ina juya shi duk bayan mako biyu kafin ruwan farko ya sauka.