Na bar Landan, na dawo Lesta

Kuɗin haya a Landan ya kai ni maƙura, sai wata abokiyar aikina 'yar Indiya ta ce in gwada Lesta (Leicester), wani birni a tsakiyar Ingila. Abin da nake biya wa ɗaki ɗaya a can, shi ya ba ni ɗaki da falo a unguwar Evington.

'Yan asalin Indiya sun cika garin, wasu iyayensu suka zo bayan Idi Amin ya kori 'yan Asiya daga Uganda a 1972. Naman halal ko'ina, masallaci da ƙafa nake zuwa. Titin Belgrave kuwa, zinare da kayan yaji sai wanda ya gani, ranar Diwali, bikin fitilu na Indiyawa, ba masaka tsinke. Albashin nan dai bai kai na Landan ba, gaskiya.